Neman kalma: me za mu kira "deadly force" da Hausa?

Baban Walida:
Assalamu alaikum. Kalmar yau ita ce deadly force, wadda ba ta rabuwa da labaran 'yan sandan Amurka. A rahotanninmu kowa da yadda yake juya ta: wani ya ce "ƙarfin da ya wuce kima", wani "harbin kisa", wani ma "ƙarfin tuwo". Na farkon kuskure ne, domin duk wanda ya ce ya wuce kima ya riga ya yanke wa ɗan sandan hukunci, alhali kalmar ba ta ce ya yi daidai ko ya yi laifi ba. Ni dai "ƙarfin kisa" na kawo. Me kuka gani?

Barista:
Wa alaikumus salam. Baban Walida, a ga jaririn tukuna kafin a raɗa masa suna. A dokar Amurka ma'anarta ita ce ƙarfin da ke ɗauke da babban haɗarin mutuwa ko mummunan rauni. Irin ƙarfin ake dubawa, ba abin da ya haifar ba. Ɗan sanda ya harbi mutum ya kuskure, ko ƙwarzane bai yi masa ba, to ya yi amfani da shi. Ya ture mutum da hannu, tsautsayi ya sa ya faɗi ya bugi kai ya cika, an yi asarar rai amma turewa ba ta cikin wannan aji. Shi kuwa "ƙarfin kisa" mai karatu zai ɗauka akwai gawa, ko kuma an fita da niyyar kashewa.

Tushen maganar shari'ar Garner ce. A Oktoban 1974 a birnin Memphis, ɗan sanda ya harbi Edward Garner, yaro ɗan shekara 15, yana ƙoƙarin haye shinge bayan fasa wani gida. Dala 10 da jakar hannu aka samu a wurinsa, ba makami. A 1985 Kotun Ƙoli ta ce gudu kaɗai bai halatta irin wannan ƙarfi ba, sai in akwai ƙwaƙƙwaran dalilin cewa mai gudun barazana ne ga rai ko ga lafiyar jikin wani. A 1989 kuma, a shari'ar Graham da Connor, ta kafa ma'aunin da ake bi: girman laifin, ko akwai barazana a wannan lokacin, da ko mutumin yana turjiya ko gudu. Kuma da idon ɗan sanda mai hankali da ke wurin ake aunawa, ba da abin da aka gano daga baya ba.

Tsohon Sufeto:
Barista ya gama magana. Ƙarin da zan yi, duk kalmar da ke da "harbi" a ciki a ajiye ta. Shaƙe wuya, danne wuya da gwiwa, kulki a ka, banke mota da mota tana gudu, duk suna iya shiga, kuma ba harsashi ko ɗaya.

Sannan mutanenmu suna yawan cewa "ai da sai ya harbe shi a ƙafa". Harbin ƙafa ma yana cikin ajin. Akwai babbar jijiyar jini a cinya, in harsashi ya tsinka ta mutum na iya ƙarasawa cikin 'yan mintoci. Ga shi ƙafa ƙarama ce kuma tana motsi, harsashin da ya kauce kuwa bai san mai laifi da mai tallar gyaɗa ba. Shi ya sa ake horar da su su nufi tsakiyar jiki, su daina da zarar barazanar ta tsaya.

Abu uku ake koya musu su tabbatar. Iko: yana da makami ko ƙarfin yin illa? Dama: yana inda zai iya kai wa ga mutum? Sai alama: yana yin abin da ke nuna zai aikata? Mai wuƙa a bayan ƙofar ƙarfe yana da iko, ba shi da dama. Mahauci a kasuwa yana da iko da dama, babu alama. Kan batun dama, Dennis Tueller na 'yan sandan Salt Lake City ya nuna a 1983 cewa mai wuƙa na iya cinye tazarar ƙafa 21, wato mita 6 da ɗoriya, cikin kusan daƙiƙa ɗaya da rabi, daidai lokacin zaro bindiga daga kube a harba.

Maman Ihsan:
Yallabai, wannan ƙafa 21 ɗin an sha fakewa da ita. Ba doka ba ce, gwaji ne, kuma darasinsa shi ne ka ja baya, ka sa mota ko bango tsakaninka da mai wuƙa, ka sayi lokaci. Wasu suka mai da ita lasisi, wai duk wanda ya shigo cikin tazarar a buɗe masa wuta.

Kan kalma, ni "ƙarfi mai halakarwa" na fi so. Halaka ta fi kisa faɗi, kuma ya fi zama a kanun labari.

Tsohon Sufeto:
Hajiya, ban musa ba. Amma a san dalilin tsoron. Hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta fitar da bincike a 2006 kan hare-hare 40 da aka kai wa 'yan sanda, inda aka zauna da jami'ai 50 da maharan 43. Abin da ya fito fili shi ne yawancin maharan sun saba da tashin hankali tun suna yara, suna gwada harbi a kai a kai, bindigar a ƙugu suke soke ta ba kube, kuma ba sa jinkiri. Ɗan sanda yana lissafin doka da rahoto da kotu, shi kuwa wancan ya gama shawara tun kafin a tsayar da shi, abin da yake dubawa kawai shi ne ko jami'in ya saki jiki. Wanda ya fara motsi yana gaba da mai mayar da martani, nan ne matsalar take.

Inda ake kuskure shi ne ɗaukar halin waɗannan 43 a shafa wa duk wanda aka tsayar. An zaɓe su ne don sun kai hari. Mai taɓin hankali, ko kurma, ko wanda tsoro ya sa ya kai hannu aljihu neman katin shaida, ba su ba ne. Shi ya sa na ce alama, ban ce niyya ba. Niyya tana zuci.

Almajirin Zaure:
Allah ya gafarta malamai. Wannan ma'ana ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A babin kisan ganganci malaman fiƙihu da dama suna duba abin da aka yi amfani da shi, su ce "abin da galibi yake kisa". Haka a babin tunkuɗe mai farmaki, ana farawa da mafi sauƙi: in tsawa ta isa ba a kai ga sanda, in sanda ta isa ba a kai ga takobi. Don haka kunnen Bahaushe zai karɓi "mai iya kisa". Ita kuwa "halakarwa", Hajiya, tana jan hankali zuwa halakar al'ummun da suka gabata, ta yi nauyi, kuma ita ma tana nuna aikin ya riga ya auku.

Barista:
"Iya" ɗin nan ita ce ta gyara komai. Kuma za ta ba mu damar raba abu biyu da ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan amfani da ƙarfi da bindiga ga jami'an tsaro, waɗanda aka zartar a Havana a 1990, suka raba. Ƙa'ida ta 9 ta yarda da amfani da bindiga don kare rai ko kauce wa mummunan rauni, amma harbi da nufin kashewa ta ce sai in babu makawa don ceton rai. Na farko ƙarfi mai iya kisa, na biyu harbi da nufin kisa. Za mu buƙace su a labaran gida ma, domin sashe na 33(2) na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya ambaci kare dukiya da hana tserewa cikin dalilan da ya yarda a yi amfani da ƙarfi ko da ya kai ga rasa rai, wanda ya fi ma'aunin Garner faɗi, kuma an sake fasalin umarnin 'yan sanda mai lamba 237 kan amfani da makami a 2019.

Baban Walida:
To na janye tawa. Mun tsaya a kan "ƙarfi mai iya kisa", a karon farko cikin rahoto a ƙara "ko mummunan rauni", daga nan a taƙaita. "Ƙarfin da ya wuce kima" a bar shi sai inda kotu ko mai zargi ya faɗa. Misali: a Mayun 2020 ɗan sanda Derek Chauvin ya yi amfani da ƙarfi mai iya kisa a kan George Floyd a Minneapolis, ya danne masa wuya fiye da minti 9, a Afrilun 2021 kuma aka same shi da laifin kisa.

Maman Ihsan:
Na bi, duk da a kanu zai ci wuri. Saura imminent threat. "Barazanar nan take" ake cewa, amma mai gudu zuwa inda ya ajiye bindiga fa, nan take ne ko dab da aukuwa? Barista, a buɗe mata nata zaren.