Neman shawara kan ƙera tankar TOG II a wasan Sprocket

Abdul-Aziz: Assalamu alaikum, ƴan zaure. Sati biyu ke nan ina ƙoƙarin ƙera tankar yaƙin Ingila mai suna TOG II a cikin Sprocket, wasan kwamfuta na ƙera tankokin yaƙi, kuma gangar jikin ta fito daidai da hotunan da nake da su, amma da zarar na sa ta a filin gwaji sai ta ƙi juyawa, idan kuma ta tarar da ɗan tudu sai ta tsaya cik. Ina tunanin in ƙara mata girman inji in huta. Me kuke gani?

Malam Sanusi: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kafin ka taɓa injin, ka tuna dalilin da ya sa aka yi ta. Waɗanda suka tsara ta dattawa ne da suka yi aikin tankokin farko a Yaƙin Duniya na Ɗaya, ƙarƙashin jagorancin Albert Stern, kuma sun ɗauka cewa yaƙi na biyu ma a cikin laka da ramukan tsaro na arewacin Faransa za a yi shi. Shi ya sa suka ba ta tsawon da ya ɗan haura mita 10 alhali faɗinta mita 3 ne da ƴan kai, domin ta haye rami mai faɗi ba tare da ta kifa ba. Kamfanin William Foster na birnin Lincoln ya ƙera guda ɗaya tak, ta fara tafiya a 1941, aka bar aikin a 1944 bayan an ga cewa yaƙin na gudu ne. Nauyinta kusan tan 80 ne, injinta na gazuwal ƙirar Paxman mai ƙarfin doki 600, gudunta kuwa bai kai kilomita 14 a awa ba. Idan ka sa mata injin da zai kai ta kilomita 40, ka ƙera wata tanka ce dabam ka lulluɓe ta da fatar TOG II.

Abdul-Aziz: Na fahimta, Malam, amma ai ta ainihin tana hawa tudu, tawa kuwa ko motsi ba ta yi.

Usta Ilya: Wannan ba matsalar inji ba ce, ɗana, matsalar giya ce, kuma shekarun da na yi ina gyaran manyan motoci a nan Tawa su suka koya mini hakan. Ka lura da tirelar da ta ɗauko albasa daga Galmi idan ta zo hawa: direba ba ya neman wani inji, lamba ɗaya yake komawa ya bi a hankali. Ka raba 600 da 80, za ka ga kowane tan bai samu fiye da doki bakwai da rabi ba, saboda haka dole giyarka ta farko ta zama mai nauyi sosai, wadda za ta sa ƙafar da ke jan sarƙa ta juya a hankali amma da ƙarfi. Ita ta ainihin ma ba da giya irin ta mota take tafiya ba, injin janareta yake juyawa, janaretan ya ba injinan lantarki wuta, su kuma su ja sarƙa, kuma injin lantarki yana ba da ƙarfinsa tun daga tsaye. Tunda giya wasan yake ba ka ka tsara, sai ka kwaikwayi wannan hali da lambobi na ƙasa masu kusanci da juna, ka daidaita ta ƙarshe yadda gudun ba zai wuce na tarihi ba. Idan duk da haka ta gaza, ka rage girman ƙafar jan sarƙar kaɗan.

Batun juyawa kuma, kada ka sa rai da yawa. Duk abin da sarƙarsa ta kwanta a ƙasa da tsawo haka alhali tazarar da ke tsakanin sarƙoƙin biyu ƴar kaɗan ce, sai ya yi gardama wajen kwana, domin gaba da baya suna gurzar ƙasa ta gefe. Ka juya ta a lamba ɗaya, ka ba ta fili.

Hadiza: Ina so in ƙara da batun awo, Yaya Abdul-Aziz, domin nan ne na sha wahala da tawa tankar. Hoto yana yaudara, musamman wanda aka ɗauka daga kusurwa. Ka nemi zanen gefe, ka kwafe shi a takardar lissafi mai gida-gida, kowane gida ya tsaya a matsayin rabin mita, sannan ka shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya. Tankar tana nan a gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila, kuma suna da bidiyo a kanta a YouTube wanda ya cancanci a sauke shi a ajiye. Ka kuma tanadi wurin mutum shida a ciki tun kafin ka jera harsasai, in ba haka ba sai ka rushe rabin aikin.

Malam Sanusi: Hadiza ta yi gaskiya. Abu ɗaya kuma da ya kamata ka yanke tun yanzu shi ne wace shekara kake kwaikwaya, domin da farko ƙafafunta ba su da sifirin, sai daga baya aka sa mata sandunan ƙarfe masu murɗawa. Wadda ke Bovington ta bayan gyaran ce. Ga waɗanda ba su taɓa gwada wasan ba kuma, shawarata su fara da tankar Little Willie ta 1915, wadda kamfanin Foster ɗin nan ya ƙera, domin siffarta kusan akwati ce kuma tana koya wa mutum daidaita nauyi da sarƙa.

Hadiza: Kuma a riƙa adana aiki da sabon suna bayan kowane babban gyara. A watan Afrilun bara zafi ya kashe mini kwamfuta ana tsakiyar aiki, na rasa wahalar yini guda. Tun daga nan da asuba nake yi, na kuma ɗora ta a kan katako biyu don iska ta ratsa ƙarƙashinta.

Abdul-Aziz: Allah ya saka muku da alheri. Na bar injin yadda yake, na sauke giyar farko kamar yadda Usta ya ce, ga shi ta haye tudun da ya gagare ta, ko da yake kwana har yanzu sai da fili mai yawa. Zan bi ƙirar da ke Bovington. Hadiza, idan takardar awonki tana kusa, ki turo mini hotonta in ga yadda kika raba gidajen.

Hadiza: Zan turo bayan sallar isha'i, in sha Allah.