Neman shawara: feshin kwazar da ake gani kamar ya fi haske gudu

Mai tambaya: Assalamu alaikum malamai. Ina shirya bayani kan kwazar, wato cibiya mai tsananin haske ta wani tarin taurari mai nisa, irin su 3C 273 wanda Maarten Schmidt ya gano nisansa a 1963. An ce ana ganin dunƙulen da ke cikin feshinsa, wato siririn kwararar abu da yake harbowa, suna gudu fiye da haske. Yaya zan nuna wannan da lissafi? Kuma shin duk hasken kwazar daga feshin yake fitowa?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Babu abin da ya wuce haske, kusurwar kallo ce. Feshin yana tahowa kusan saitinmu, yana bin bayan hasken da ya fitar, sai lokacin da muke aunawa ya gajarta. Martin Rees ya yi hasashen haka a 1966, kafin a gani a 1971.

Ka ɗauki gudun feshi 0.99 na haske, kusurwa tsakanin feshin da saitinmu digiri 10. Ninka 0.99 da sin 10, ka samu 0.172. Ninka 0.99 da cos 10, ka cire daga 1, saura 0.025. Raba na farko da na biyu: kusan 6.9. Wato a sararin sama sai a ga kamar ninki bakwai na gudun haske. Inda ake yawan kuskure: a bar kalkuleta a radiyan maimakon digiri, ko a manta ninka sakamakon awo da 1+z (z shi ne ma'aunin miƙewar hasken) saboda faɗaɗar sararin samaniya.

Wata amsa: Ƙari kan bayanin Malam. Wannan gudun ne ke tara hasken ya nufo mu, shi ya sa a tarin taurari na M87 ake ganin feshi ɗaya sarai, na bayan kuwa, wanda ya nufi ɗaya gefen, ya dusashe. Da alƙaluman nan, na gaba zai fi na baya haske sau dubbai.

Tambayarka ta biyu kuwa, a'a, kada ka faɗi haka a gaban masana. Hasken rediyo daga elektaron ne masu juyawa cikin maganaɗisun feshi, wato sinkrotron. Hasken gama, wato haske mafi ƙarfi, yana samuwa ne idan elektaron ɗin suka bugi raunanan haske suka ƙara masa ƙarfi. Amma hasken da ido ke gani da na alturabayolet galibi daga faifan iskar gas mai zafi ne da ke kewaye baƙin ramin da ke tsakiyar kwazar, wato wurin da ko haske ba ya kuɓuta daga jansa. Kusan ɗaya cikin goma na kwazar ne kawai ke da feshi mai ƙarfin rediyo. Feshi yana rinjaye ne a bilazar, inda ya nufo mu kai tsaye.