Gobara ta cinye min shago, ta ina ake samun tallafin ƙaramar hukuma?

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah mai sani ya taimaka min. Sati uku kenan gobara ta tashi a layinmu cikin dare, wutar lantarki aka kawo da ƙarfi, shagona na ɗinki ya ƙone ƙurmus, keken ɗinki biyu da injin surfani da atamfofin mutane har da kayan wata amarya da aka sa bikinta ƙarshen wata. Alhamdulillahi ba a rasa rai ba.

Mai unguwa ya rubuta min takarda, dagaci ya sa hannu, hakimi ya buga hatimi, na kai sakatariyar ƙaramar hukumarmu sashen walwalar jama'a. Sun karɓi hotunan shagon da kwafin NIN da lambar akawun ɗina, tun daga nan kullum sai a ce ciyaman bai zauna ba, ka dawo Litinin, kuɗin mota ma ya fara gagarata wallahi, kuma uwar amarya jiya ta sake zuwa har gida.

To tambayata, shin sai na haɗa da rahoton 'yan kwana-kwana kafin fayil ya motsa? Wani ya ce in bi ta hannun kansilanmu, wani kuma ya ce in kai kuka SEMA ta jiha kai tsaye tunda su ne masu agajin gaggawa. In na je can ba zai ɓata wanda na riga na shigar ba? Ko hukumar zakka tana duba irin wannan?