Ƙanena ba ya iya faɗin abin da ke ransa: bushewar zuciya ce ko farkon taɓin hankali?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ƙanena shekararsa 24. Da mahaifinmu ya rasu ko ɗigon hawaye bai yi ba, amma shi ya yini yana shimfiɗa tabarmi da kai wa masu ta'aziyya ruwa. In aka tambaye shi me yake ji sai ya ce, "Ban sani ba, ƙirjina ne ya yi nauyi." Abokinsa ɗaya tal, kullum yana ɗaki. Goggonmu ta ce bushewar zuciya ce, wani maƙwabci kuma ya ce haka taɓin hankali ke farawa. Ina zan dosa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Allah Ya jiƙan Baba. 'Yar'uwa, abin da kika kwatanta ya yi kama da aleksitaimiya, sunan da likitan ƙwaƙwalwa Peter Sifneos na Amurka ya raɗa a farkon shekarun 1970, daga Girkanci, wato rashin kalmomin da za a faɗi abin da ke rai. Ba cuta ba ce mai ƙwaya, ɗabi'a ce, kuma kusan mutum 1 cikin 10 na da ita. Jiki na aiko da saƙo, gaba ya faɗi, maƙogwaro ya bushe, ƙirji ya yi nauyi, sai dai mutum ya kasa rarrabe tsoro ne, fushi ne, ko baƙin ciki.

Ana auna ta da TAS-20, tambayoyi 20, kowace maki 1 zuwa 5. Daga 61 zuwa sama ana cewa akwai ta, 52 zuwa 60 kuma ana tababa.

Batun tausayi fa, kashi biyu ne: gane halin da wani ke ciki, da jin zafinsa a jikinka. Wanda bai iya karanta nasa ba, karanta fuskar wani kan yi masa wuya. Amma da yawansu kukan wani na rikita su ƙwarai, sai su fice daga ɗaki ko su nemi aikin hannu, mutane su ce ko a jikinsu. Ki tuna wa ya ɗauko tabarmin nan.

Amsa ta biyu: Bari in taɓa maganar maƙwabcin, don ba gaba ɗaya ya ɓata ba. Akwai halayen da ke kama da na cutar sikizofireniya, wani nau'in taɓin hankali, amma ba su kai cuta ba, masanin halayyar ɗan Adam Paul Meehl ya yi bayaninsu a 1962. Ma'aunin waɗannan halaye da wani masanin, Adrian Raine, ya fitar a 1991 mai tambayoyi 74 ana kasa shi uku: baƙon tunani da zargi, janye jiki daga mutane da fuska ba yabo ba fallasa, sai magana da ɗabi'a marasa tsari. Aleksitaimiya ta fi haɗuwa da na tsakiyan, shi ya sa ake rikita su. Mafi yawan masu waɗannan halaye ba sa taɓa kamuwa da cutar.

Tambayar da za ki yi wa kanki: tun yana yaro haka yake, ko cikin 'yan watannin nan ya sauya? Sauyi shi ne abin tsoro. Ki lura ko ya daina wanka, ko barci ya ƙaurace masa, ko yana amsa wa wanda ba a gani, ko yana cewa rediyo da shi take, ko ya ƙi abincin gida wai an sa masa wani abu. Shekarunsa na cikin lokacin da cutar ta fi bayyana ga maza, wiwi kuma na ƙara haɗarin, don haka ki bincika a hankali. In kin ga biyu daga ciki kada a tsaya jira, jinkiri na sa magani ya yi wuyar kamawa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, akwai na Dawanau a Kano. Yarda da akwai aljanu kaɗai ba alama ba ce, likita na duba abin da ya saɓa wa fahimtar mutanen da mutum ya tashi cikinsu.

Amsa ta uku: Ni dai kada a yi saurin dogara da makin TAS-20 ɗin nan. A Kanada aka tsara shi, kuma namijin da aka rena kan kawaici da "maza ba sa kuka" zai iya cin maki mai yawa alhali ya san abin da ke ransa, faɗa ce ba zai yi ba.

A gida, ki daina tambayarsa "me kake ji?", kamar ki miƙa masa buhu ne ki ce ya tsinto allura. Ki ba shi zaɓi biyu: "Nauyin nan ya fi kama da na ranar jarrabawa, ko na ranar da aka yi maka faɗa?" Ki yi tambayar kuna tafe ko kuna wani aiki, ba ido cikin ido ba, kuma ba gaban Goggo ba. Minti biyar kullum ya rubuta abu uku: me ya faru, ina ya ji a jikinsa, wace kalma ta fi kusa. Ba ya zuwa cikin mako guda, a ba shi watanni.

Ciwon damuwa ma kan daskarar da mutum haka bayan rasuwa. In rashin ci, rashin barci da rashin sha'awar komai sun wuce mako biyu, a ga likita. In kuwa ya ambaci gajiya da rayuwa, a ranar za a kai shi, kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki.