Wai su wa suka gina Zariya?

Maman Ummi: Jiya 'yata ta dawo daga makaranta da sunayen waɗanda suka gina Zariya, a haddace. Mace ɗaya ce tal a ciki, Sarauniya Amina. Wallahi raina ya ɓaci. Garin da sunan mace yake amsawa, Zariya ƙanwar Amina! Kakata har ta koma ga Allah alli bai bar yatsunta ba, tun asuba mazari ke juyawa a tasa, zarenta masaƙa ke jira. Wa ya rubuta irinsu? Ina Hajiya Gambo Sawaba, 'yar Zariya da aka ɗaure sau 16 kan jam'iyyar NEPU da ƙuri'ar mata?

Ɗan Birni: Hajiya, a gyara. Gambo 'yar Sabon Gari ce. Zariya cikin ganuwa take.

Baban Halifa: To mu da aka yanke wa cibiya a Sabon Gari 'yan ina ne, Malam?

Ɗan Birni: 'Yan Sabon Gari mana. Mahaifinta daga Ghana ya zo aikin jirgin ƙasa, mahaifiyarta Banufiya. Ban zage ta ba, asali na faɗa.

Anti Larai: Asibitin Ƙofar Gayan sunan wa yake ɗauke da shi? Matanku na birni ba can suke haihuwa ba?

Ɗan Birni: Gwamnati ce ta sa sunan, Anti.

Bakano: Ku bar wahalar da kanku. A Kano aka kafa NEPU, 1950. Ba don Malam Aminu ba, wa zai san ta?

Baban Halifa: Wa ya sako Kanawa ciki? Ita ta sha duka da kurkuku, ku kwashe ladan?

Bakano: Ka iya bakinka, ba sa'anka ba ne ni.

Maman Ummi: Don Allah jama'a, maganar mata na kawo fa. Gambo ta rasu a 2001, yaranmu ba su san ta ba.

Baban Halifa: Jirgin ƙasa da kasuwar Sabon Gari ne suka raya garin nan, ko an ƙi ko an so.

Ɗan Birni: Dare ya yi, bari in taƙaita. An fahimci cewa Zariya na nufin cikin ganuwa, ba wanda ya kawo hujjar da ta rushe hakan. Baban Halifa ya yi zafi, Bakano ya shigo abin da ba nasa ba. Batun mata kuwa, Amina tana cikin sunayen, kuma tamu ce.