Abin da aka tattara kan koyon zane da fentin ruwa a Jos

'Yan uwa, maganar da aka yi ta yi kan yadda sabon shiga zai fara koyon zane da fentin ruwa ta yi tsawo, ga abin da na tsinta.

1. Kusan kowa ya ce takarda ta fi fenti muhimmanci. A nemi mai kauri, mai nauyin gram 300 a kowane murabba'in mita, a manne gefunanta a katako da salatif. Takardar rubutu tana shan ruwa ta kumbura, launi ya taru a kwari ya bushe da tabo. Wannan ne ke kashe wa sabon shiga gwiwa, ya zaci hannunsa ne bai iya ba.

2. Launi uku sun isa a fara: ja, rawaya, shuɗi. Burushi mai tsini lamba 8 da kofin ruwa biyu, ɗaya na wanki, ɗaya mai tsabta.

3. A fara da launi mai haske a bi da mai duhu. Inda ake son fari, a bar takardar haka.

4. Yanayin garinmu: da hunturu fenti na bushewa kafin ka ɗaga burushi, sai a riƙa fesa ruwa a hankali. Da damina kuma sai haƙuri.

Inda aka rabu: wasu sun ce a fara da fenti mai arha, wasu sun ce na kirki irin samfurin fentin da ake kira Cotman ya fi, domin mai arha yana bushewa kamar alli. Ni ina tare da na biyu. Haka batun yin zane da fensir kafin a sa fenti, ba a daidaita ba.

Wurin gwaji, an fi ambaton Duwatsun Shere da dutsen Riyom, musamman da yamma.