Turancin kwanciya da na mulki: wa ya taɓa shan kunya?

Baban Yara: Salam jama'a. Jiya yarona ya kawo aikin gida, wai a ba da ma'anar incumbent, na ce masa shugaba mai ci, kamar yadda ake ta ce wa Jonathan a zaɓen 2015 kafin Buhari ya kayar da shi. Sai ɗan banzan ya buɗe ƙamus ya ce Baba ai an rubuta asalinta Latin ne, wai wanda ya kwanta ko ya jingina a kan abu. Na yi shiru. Wato su a wurinsu mai mulki kwanciya yake, mu a wurinmu ci yake. Kowa ya kawo tasa don Allah.

Malamin Firamare: Alhaji ai mu ma ba mu tsira ba, ba cewa muke gadon sarauta ba? Kuma gwamna mai barin gado. In bai kwanta ba wane gadon zai bari.

Nas Mai Dutin Dare: Hhhh malam ka gama magana. Ni tawa a makarantar nas ce, malamarmu ta ce in sa mara lafiya recumbent, na tsaya ina zare ido, ni dai incumbent na sani ta siyasa, har na fara tunanin ko ɗaga shi zan yi ya zauna kan kujera, ashe kwantar da shi kawai ake nufi. Dangi ɗaya ne da succumb ɗin da muke rubutawa in ciwo ya ci ƙarfin mutum ya rasu.

Ɗan Jarida Sabon Shiga: Ku dai bari. Satumbar 2022 da Sarauniyar Ingila ta rasu aka ba ni labari in fassara, na ga lying in state, wallahi saura kaɗan in rubuta ana ƙarya a jiha. Edita ya leƙo ta kafaɗata ya ce yaro, gawa ce aka ajiye a zauren Westminster jama'a na bi layi suna ban kwana. Har yau in na shigo ofis sai a ce ga ɗan jiha nan.

Malamin Firamare: Ba laifinka ba ne ƙanina, lie ɗin guda biyu ce. Ta ƙarya, jiya lied. Ta kwanciya, jiya lay. Sannan ga wata lay ta ajiye abu, ita ce kaza ke yi wa ƙwai, tata jiyan laid. Shekara 14 ina koyarwa amma sai na ɗan tsaya kafin in rubuta a allo.

Ɗan Zongon Kumasi: Mu nan mun ji incumbent har ta ishe mu a 2016 da shugaban Ghana Mahama ya faɗi zaɓe. Amma restroom ce ta yi min tsiya a filin jirgi, na bi alama da jakata da nufin in ɗan miƙe baya kafin jirgi, na buɗe ƙofa sai ga masai.

Maman Biyu: To acting fa? A 2010 da aka ce Jonathan ya zama acting president lokacin jinyar marigayi 'Yar'aduwa, na rantse wa kakarmu wasan kwaikwayo yake, ba da gaske ba ne. Sai da rediyo ta ce muƙaddashi, tsohuwa ta harare ni ta ce kuɗin makarantarki dai an yi asara.